Ƙafar gaban tsohuwar MGB ɗina: in sauya ta gaba ɗaya ko in ƙarfafa ƙarfen gicciye?

Baban Hanifa, Coventry

Assalamu alaikum jama'ar gida. Na san hirarmu a nan ta Corolla ce da Golf da tsadar fetur, to yau da wata tsohuwa na zo, a yi mini haƙuri. Wanda ya san ƙarfe ya taimaka, wanda bai sani ba ya yi dariya, duk na karɓa.

Shekara biyu ke nan da na sayi MGB GT ƙirar 1978, mai baƙar bambar roba, a hannun wani dattijon Bature da gwiwa ta hana shi taka kuloci. Kafin ta zo hannuna ya riga ya cire mata injinta na asali mai silinda huɗu, ya dasa mata Rover V8 mai lita 3.5. Ba wani baƙon abu ya yi ba, kamfanin MG da kansa ya ƙera irin wannan haɗin a Abingdon daga 1973 zuwa 1976. Injin kam ba ni da ƙorafi a kansa. In na tayar da shi da safe har maƙwabta na leƙowa ta taga. Maman Hanifa "amarya" take kiranta, wai ta fi kowa cin kuɗi a gidan.

Damuwata ƙafar gaba ce. In ina kan titi mai santsi lafiya lau. Da zarar taya ɗaya ta hau gargada ko ta faɗa ɗan rami, sai motar ta yi wuf ta zabura gefe, alhali hannuna bai motsa sitiyari ba. Ranar Lahadin da ta wuce a kan A46, ina tafiyar mil 60, ta yi mini haka kusa da wata tirela, sai da na sami wuri na tsaya na sha ruwa. Ban da wannan, sitiyarin nauyi ne da shi kamar ana jan guga in za a yi fakin, kuma in ina murza shi a tsaye ina jin wani ƙwas daga ƙasa, ɓangaren dama.

Abin da na gano dattijon ya yi: ya sa mata gajerun sifirin don ta kwanta, saboda masu bambar roba tsayi gare su kamar an ɗora su a kan turmi, sannan ya sa taya mai faɗin 195 a kan rim inci 15, maimakon 165 a kan inci 14 da ta fito da su. Sauran kayan duk na asali ne, har da shokozobar nan mai hannu.

Na kai ta wani gareji, mutumin ya ɗaga ta bai fi minti biyar ba ya ce ƙafar tsohon yayi ce, a zubar a sayi sabon saiti mai shokozoba a cikin sifirin da boljoyin sama da ƙasa. Da kaya da ladan aiki ya doshi fam dubu uku. Wani abokin aikina kuma ya ce injin ne ya fi ƙarfin ƙarfen gicciye, wato kurosmemba, don haka yake lanƙwasa, in sa a yi masa walda da faranti ta ko'ina, a kuma gitta bututu daga fuka-fukin ciki na hagu zuwa na dama a saman inji. Na kuma ga bidiyon Amurkawa suna dasa ƙafar motar Ford Mustang II a kusan kowace tsohuwar mota.

To wanne zan bi? Ba tsere nake zuwa ba. Buƙatata in ɗauki 'yata mu je Oxford mu dawo ba tare da hantar cikina ta kaɗa ba.

Abba Turbo

Wa alaikumus salam Yaya. Ni a ganina kada ka wahalar da kanka da kinfin, sandar nan da tayar gaba ke juyawa a kanta, da man giris a wannan zamanin. Nemi Mazda MX-5 ta farko wadda tsatsa ta cinye, ai sun cika ƙasar da kake, ka kwance ƙafar gabanta gaba ɗaya da sitiyari rak, wato sandar da ke tura tayoyi hagu da dama, da birki ka dasa. Mazda tun 1989 ta yi motar da Turawan Ingila suka kasa yi, ƙarama mai buɗaɗɗen kai da ba ta ɗigar da mai. Hannu biyu ne sama da ƙasa, ana saita ta yadda ake so, kayanta kuma araha. Ka gama da matsalar sau ɗaya.

Tsohon Bakanike, Leicester

Abba, Allah ya yi maka albarka, amma ka ɗauko tef ka auna tukuna. Tsakanin tayoyin gaban MGB inci 49 ne. Na MX-5 ya haura 55, Mustang II ma can wajen take. Inci shida da ɗoriyar nan ina za ka kai su? Ko tayoyi su leƙo waje, ko ka yanke ƙafar ka rage mata faɗi. In ka rage ta dole ka rage rak ɗin daidai wa daida, in ka kuskure da rabin inci ka dawo kan cutar da Baban Hanifa ke gudu, ta ma fi ta da. Ga ramukan rim ba ɗaya ba, MG huɗu ne a kan inci huɗu da rabi, Mazda huɗu a kan milimita 100. Sannan MGB ba ta da shasi daban, bodin ne shasin, sai ka yanka ƙasusuwan motar kafin baƙuwar ƙafa ta zauna. Garin neman gira a rasa ido.

Baban Hanifa, bari in fara da maganar abokin aikinka, don ita ce ta fi saurin kashewa. Injin Rover na alminiyom ne, bai fi tsohon injin ƙarfen da aka cire nauyi ba. Kuma a MGB inji ba a kan kurosmemba yake zaune ba, a kan dogayen ƙarafan bodi biyu yake. Saboda haka ba nauyin inji ke damunka ba. Bututun da ya ce a gitta a sama kuwa ado ne kawai a wannan motar. Yana da amfani a mota irin Datsun 240Z, inda kan shokozoba ke tokare da fuka-fukin ciki, duk bugun titi can yake ƙarewa. Mustang ta 1965 ma hasumiyoyin shokozobarta kan matso ciki, shi ya sa ake gitta musu sanda. A taka motar ba abin da ke taɓa fuka-fukin. Sifirin da shokozoba da hannun ƙasa da rak duk a jikin kurosmemba suke, shi kuma ƙusoshi huɗu kacal ke riƙe da shi a bodi, da faifan roba sama da ƙasan kowace. Ka kwance huɗun nan da bututun birki da sandar sitiyari da sitabilaiza, ƙafar gaba ɗaya za ta sauko ka tura ta waje kamar baro.

Ƙafar tsohon yayi ce, wannan mai gareji bai yi ƙarya ba. Asalinta daga MG Y ta 1947 ne, zanen Alec Issigonis, wanda daga baya ya yi Mini, ta bi ta TD da TF da MGA ta iso MGB a 1962. Amma an ƙera MGB fiye da rabin miliyan zuwa 1980, kuma ba zabura suke yi a kan titi ba. In taka tana yi, wani abu ne ya lalace ko wani ya taɓa.

Ga abin da nake zargi. A ƙarshen 1974, saboda dokar Amurka, aka ɗaga motar da kusan inci ɗaya da rabi, kuma a gaba ta kurosmemba aka yi ɗagawar, aka ƙara masa tsayi inda yake haɗuwa da bodi. Dattijonka ya so ya sauke ta, sai ya bi ta hanya mai araha, ya gajarta sifirin. Bodi ya sauka, amma ƙafar ta fita daga inda aka tsara ta zauna. Leƙa ƙasa motar na tsaye a kan tayoyinta. Hannun ƙasa ya kamata ya kwanta kusan a miƙe. Na ci amanar idona in naka bai ɗaga kai sama ta wajen taya ba, tayarod ma haka. To hannun yana zana da'irarsa, tayarod na zana tata, in ba su tafi tare ba duk lokacin da taya ta hau tudu sai tayarod ta ja ta ko ta tura ta. Motar ke murza wa kanta sitiyari. Ƙari a kan haka, tazarar da ta rage kafin ƙafa ta daki robar tsayawa ta ragu, rami kaɗan sai ta buga, tayar ta yi tsalle.

Nauyin sitiyari kuma gado ne, an ƙara masa gishiri. Kinfin MGB a kwance yake baya da digiri 7, an yi haka ne don siraran tayoyin da, masu zare a gicciye. Ka ɗora faffaɗar taya ta zamani mai kama titi, dole ka ji a kafaɗa. Duk ƙarfin da kake sawa kana murzawa a tsaye, a kan ƙananan kunnuwa biyu da ke riƙe da rak yake sauka. Nan ne wurin da kurosmemban MGB ke tsagewa, ba tsakiyarsa ba. Ƙwas ɗin da kake ji a dama, inda sandar sitiyari ke shiga rak, ya sa na fi zargin nan. Sa wani ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama kai kana ƙasa da tocila. In ka ga rak na motsi ko da kaurin farce ne, kada ka ƙara hawa titi da ita.

Wuri na biyu shi ne saman hasumiya inda shokozoba ke zaune da ƙusoshi huɗu. Ka tuna a wannan motar hannun shokozoba shi ne hannun sama na ƙafa, ba wani. In zaren ƙusa ɗaya ya cinye, ko man ciki ya tsiyaye har sandar ta fara wasa, to saman tayarka yawo yake.

In bayan ka gyara duk wannan har yanzu ranka na son boljoyin, akwai hanya ta cikin gida. MG RV8 da aka yi daga 1992 zuwa 1995, kusan guda dubu biyu, yawancinsu aka kai Japan, bodin MGB ce da kurosmemba da aka sake wa fasali, mai boljoyin da doguwar shokozoba. Irin wannan da saitin da mai gareji ya faɗa maka duk a ramuka huɗun nan suke ɗaurewa, ba yanka. Kaya ne masu kyau. Amma ban yarda mutum ya kashe fam dubu uku kafin ya san abin da ya karye ba.

Mai Walda, Panteka

Gaisuwa ga manya. Ni ban taɓa kwanciya ƙarƙashin MG ba, amma na ci tuwo da kurosmemban 504 shekaru da yawa a nan Kaduna, har da na masu lodin Birnin Gwari, kuma ƙarfe duk inda yake halinsa ɗaya ne.

Alhaji, kada ka bari a lulluɓe shi da faranti ta ko'ina. Abu biyu ne za su faru. Na ɗaya zafi zai murɗe shi, ka zo mayarwa rami huɗu su ƙi haɗuwa, ko su haɗu da ƙyar taya ɗaya ta kalli gabas ɗaya ta kalli kudu. Na biyu, inda faranti mai kauri ya ƙare a kan ƙarfe mai sirara, daidai bakin nan sabuwar tsaga za ta fito, don wuri ɗaya ya ƙi lanƙwasa sai maƙwabcinsa ya ɗauki duka wahalar.

Yadda nake yi, a sauke shi ƙasa, a wanke, a kankare fenti har ƙarfe ya yi fari. Tsaga ba ta ɓuya a farin ƙarfe, in ka zuba ɗan kananzir ka goge ka barbaɗa alli za ta zana kanta. A huda ɗan rami a ƙarshenta don kada ta ci gaba, a buɗe bakinta da giranda, a cike. Sannan a yanko 'yan faranti masu kusurwa uku, kaurinsu kusa da na ƙarfen wurin, a tokare kunnen ta gefe biyu. Kafin ka kunna wuta ka ɗaure kunnuwan biyu da wani miƙaƙƙen ƙarfe mai kauri ta ramukan ƙusoshinsu, kada ka kwance sai ya huce da kansa. Ban da zuba ruwa. A yi walda kaɗan nan, a koma can, a dawo.

Kuma ka ƙwanƙwasa ƙasansa da guduma. Irin wannan ƙarfen rufaffen akwati ne, daga ciki tsatsa ke cinsa, ku kuma an ce gishiri ake watsa muku a titi lokacin sanyi. In ka ji yana amsawa kamar tsohon gwangwani, kada ka ɓata wayar walda, nemi wani.

Bakano a Ohio

Baba na Leicester ya tuna mini da Sunbeam Tiger ta maƙwabcina, wadda nake taya shi riƙe sifana ranar Asabar. Ita ma ƙaramar motar Ingila ce, Alpine, aka cusa mata Ford V8 daga 1964 zuwa 1967, Carroll Shelby ya haɗa ta gwaji. Inji ya cinye wurin akwatin sitiyari, sai suka sa rak can gaba. Sakamakon haka in ka karya kwana sosai tayar ciki ba ta juyawa fiye da ta waje yadda ya kamata, sai ka ji tayoyi na gurzar ƙasa a wurin fakin. Wannan gurzar kan karya sandar da hannun ƙasa ke juyawa a kai, kurosmemban kuma da shekaru yakan saki har hasumiyoyinsa su sunkuyo ciki. Masu Tiger su kam suna da hujjar ƙarfafa nasu. Abin dariyar shi ne, cikin magungunan da suke amfani da su har da hannayen sitiyarin MGB. Wato abin da ake ce maka ka zubar, wasu nemansa suke.

Triumph TR6 ma tana da nata wurin, kunnuwan da ke riƙe hannun ƙasa kan ɓalle daga shasi. Kowace mota da inda take ciwo. Mustang II kuwa a bar wa masu tsofaffin akori-kura na Ford da Chevrolet, su ke da faɗin ɗaukarta.

Maman Sadiq, Leeds

Baban Hanifa ina wuni, ya su Hanifa da mamanta. Ni ban san kinfin ba, amma a harkar inshora nake aiki. Tun Mayun 2018 motar da ta haura shekara 40 a nan ba dole ba ne ta je gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, sai dai in an yi mata babban sauyi cikin shekara 30 da suka wuce, kuma sauya nau'in ƙafa ko na sitiyari yana cikin abin da ake dubawa. Ka karanta ƙa'idar da kanka kafin ka sayi komai. In kuwa aka kai ga yanka bodi kamar yadda Abba ke so, magana ta koma hannun DVLA, hukumar rajistar motoci. Duk abin da ka sauya, har rim da sifirin ɗin da ka tarar, ka rubuta wa kamfanin inshorarka. Na ga mutanen da suka yi shiru, ranar da tsautsayi ya faɗa aka juya musu baya. Kuma don Allah, tunda yarinya kake ɗauka, ka riƙa kai ta gwajin ko da doka ta yafe maka.

Baban Hanifa, Coventry

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru kwana tara ne saboda aikin dare, sai jiya na sami sukuni.

Baba, kamar kana wurin. Na sa Maman Hanifa ta kaɗa sitiyari, tana yi tana mita, ni ina ƙasa. Rak ɗin na ɗagawa ta dama a kan idona. Da na goge datti sai ga tsaga a gindin kunnen, ta kusa zagaye rabinsa, bakinta ya yi jan tsatsa, alamar ta daɗe. Jikina sai da ya yi sanyi da na tuna tirelar nan. Hannun ƙasa kuma a ɗage yake kamar yadda ka ce, robar tsayawa ta hagu ta ma faɗi babu ita.

Na sauke ƙafar gaba ɗaya. Sifirin ne ya ba ni tsoro, na sa jak a ƙarƙashin kaskonsa na riƙa saki a hankali, na kuma zarga sarƙa ta cikinsa don ko ta kwana. Shokozobar dama ba ɗigon mai a cikinta, hannunta na tafiya kusan inci guda kafin ya ji tirjiya, kuma ɗaya daga ƙusoshinta juyawa kawai take ba ta kamawa. Faifan robar nan takwas sun zama kamar ƙosai da aka taka. Kinfin hagu da alama rabonsa da giris tun dattijon na da gwiwa.

Malam na Panteka, na ƙwanƙwasa, ƙarar lafiyayyen ƙarfe yake bayarwa, don haka gyara za a yi. Na nuna wa wani mai walda a nan bayaninka, na fassara masa, ya ce haka shi ma zai yi, sai dai maganar kananzir da alli ta ba shi dariya, wai su feshin gwangwani suke saya mai launin ja. Zai sa sabon zare a ramin shokozoba, ya tokare kunnuwan biyu duka.

Na yi odar shokozoba biyu da kinfin biyu da aka sabunta, da bushin hannun ƙasa irin na V8, da sababbin faifai. Duka bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin mai gareji ba. Sifirin zan mayar da masu tsayin asali tukuna, ko da za ta koma kan turminta, in ji yadda MG suka so ta kasance. Abba, kada ka ji haushi, in na tashi sayen MX-5 cikakkiya zan saya, kai zan fara ba wa tuƙi. Maman Sadiq, na tura musu wasiƙa yau da safe.

Saura abu ɗaya. Da na kwance rak wasu 'yan siraran faranti sun zubo daga ƙarƙashinsa, biyu a hagu ɗaya a dama, ko kuma akasin haka, ban lura ba sai da suka faɗi. Na mene ne?

Tsohon Bakanike, Leicester

Kada ka yar da su. Da su ake daidaita rak har sandarsa ta kalli sandar sitiyari kai tsaye. In ka ɗaure a karkace, sitiyari zai yi tauri kuma kunnen da aka gyara zai koma aikin tsagewa. Bayan walda ma lissafin zai sauya, sai an sake aunawa. Ina da 'yan ƙarafa biyu masu tsini da ake sawa a bakin sandunan, in tsini ya sumbaci tsini an dace.

Kada ka mayar da sifirin kafin in zo. Ina so mu ɗaga ƙafar mu sauke da jak babu sifirin, mu manna ɗan madubi a faifan birki mu haska shi, mu ga ko hasken na yawo a bango. Kuma notocin bushin ƙasa a bar su sakwa-sakwa sai mota ta sauka a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage kafin sallah.

Asabar bayan azahar zan shigo ta M69, bai fi tafiyar minti arba'in ba. Ka ce wa Maman Hanifa tsoho ba ya cin yaji sosai yanzu.